Kifi Mai Gira

A gidanmu na unguwar Ƙuba, a birnin Manzon Allah, in sanyi ya shigo, bayan Magariba kakarmu takan hura gawayi a tsakar gida ta ɗora shayi, mu kuma mu kewaye ta. Sitti muke ce mata, yadda yaran unguwa ke kiran kakanninsu, amma ita ba ta taɓa amsa mana da Larabci ba.

Labarin da na fi roƙo shi ne na kifi mai gira. Ta ce tana ƙarama suka taso daga tashar ruwa ta Sawakin a jirgin katako za su ƙetaro ƙasa mai tsarki, ita da iyayenta da ƙanenta Sule. Jirgin ya daki dutse a tsakiyar teku, aka sauke su a wani tsibiri da ko bishiya babu, ana jiran gyara. Sule na fama da zazzaɓi, ya ƙi ci, ya daina ma kuka. Da ruwa ya janye sai ta ga wasu 'yan kifaye, tsawon yatsa, kwance a kan duwatsu suna kankarar gansakuka. Idanunsu ƙuru-ƙuru a saman kai, ga wani ɗan gashi tsaye kamar gira. In ta miƙa hannu sai su yi tsalle irin na kwaɗo su faɗa rami, su leƙo suna kallonta.

"Fuskarsu sak ta tsohon da aka hana goro," in ji ta.

Ta goyo Sule ta kai shi. Ya yi ta kallo, har ya yi dariya.

A nan take tsayar da labarin kullum. Yayana Usman yakan ce da Larabci wai ba zai yiwu ba, kifi ba ya zama a tudu. Ni kuwa sai tambaya: da me yake numfashi, yana barci, ana cinsa? Takan ce in na je teku in tambaye shi da kaina.

Bayan rasuwarta muka je Yanbu, bakin teku, na gan su a kan duwatsu, da girarsu da komai. Na dawo ina ba Ummi labari da ɗoki, na tambaye ta ina wannan Sulen ya ƙare, tunda ba mu taɓa ganinsa ba. Ta ce a tsibirin aka binne shi.

Har yau ina tunanin yadda Sitti ta zaɓi inda za ta tsaya. Duk sanyin da muka yi a gabanta, Sule yana raye, yana dariya.