Tumakin Mararraba

Da safen ranar Yaya Mamman ne ya dafa shayi. Ya cika sukari kamar kullum, na yi mita, ya ce in ban so in miƙo masa nawa. Mu biyu ne kaɗai a gonar, muna kiwon tumakin wani Balarabe a gabashin Libiya. Mai gonar ya kwashe iyalinsa tun da yaƙi ya matso. Wuta ta ɗauke, injin rijiya ya tsaya, dabbobi ba su sha ruwa ba tun jiya.

Gonar na kan tudu, ƙasanta mararraba. Hanya ɗaya ta nufi rijiyoyin man fetur, ɗaya ta nufi babban birnin bakin teku. Mu dai kwalta muka ɗauke ta, inda muke sayen burodi. Ba mu san duk wanda ya riƙe ta ya shaƙe wuyan birnin ba.

Da hantsi kofin shayi ya fara rawa a kan faranti. Sai ƙasa ta ɗauka. Daga yamma tankokin yaƙi suka ɓullo a jere, sarƙoƙinsu na cin kwalta. A mararraba wasu tankokin na jiransu bayan tarin yashi. Mu muna tsakiya.

Harbin farko ya kwashe tankin ruwanmu. Ban ji ƙara ba, duka na ji a ƙirji.

"Habu, kwalbati!" in ji Yaya.

Muka ruga muka shige ƙarƙashin hanya. Muna kwance cikin ƙazanta, siminti na zubo mana a ka. Wata tanka ta kama wuta, ƙarfe na ƙonewa kamar kara. Wani soja ya fito daga cikinta yana ci da wuta, ya yi taku kaɗan ya faɗi. Na yi salati har bakina ya bushe. Wallahi na yi fitsari a wando, ban kuma ji kunya ba.

Bayan azahar harbi ya lafa. A nan muka ji su. Tumaki na kuka a cikin shinge, kukan ƙishirwa. Yaya ya tashi zaune. Na san wannan zaman. A garinmu ko gobara ta tashi, kafin ka ɗauki rigarka sai ka kwance dabba. Haka Baba ya koya mana, kuma Yaya bai taɓa sauka daga maganar Baba ba.

Na riƙe ƙafarsa. Na ce ba namu ba ne, mai su ma ya gudu. Na zage shi, abin da ban taɓa yi ba. Na roƙe shi don Allah, don 'ya'yansa da ke garinmu Tasawa. Ya ɓamɓare hannuna.

"Zauna nan!"

Ina kallonsa ya hau tudu a duƙe. Ya buɗe ƙofa. Da ya juyo da gudu a lokacin, da yanzu muna tare. Amma makiyayi ba ya sakin garke ya watse. Ya yi musu fito, uwar garke mai ƙararrawa ta biyo shi, sauran suka bi ta. Ya nufi kwari da su, inda ruwa ke kwanciya.

Garke a guje kan busasshiyar ƙasa ƙura yake tayarwa. Ta tashi sama, doguwa, tana tafiya. Masu tankoki suka hango ta, suka ɗauka motoci ne ke zagayo musu ta baya. Na ga bakin bindigoginsu na juyawa a hankali.

"Yaya! Yaya, rabu da su!"

Wa zai ji ni? Tudun ya tashi gaba ɗaya.

Da la'asar na hau. Ramuka, ulu, jini, hayaƙi. Na yi kira har muryata ta mutu. Na juya gawar tumaki ɗaya bayan ɗaya, ina tona yashi da hannu. Takalminsa ɗaya na samu. Harbi ya sake tashi, na gangara da rarrafe.

A bakin kwalta wata babbar mota ta tsaya, cike da baƙaƙen fata irina.

"Hau ko mu tafi!" in ji direba.

Na ce ɗan'uwana na sama. Wani ɗan Gana ya finciko ni ta wuyan riga. Muka kwana muna tafiya babu fitila, har iyakar Masar. Daga nan sansanin 'yan gudun hijira, daga sansani shekaru, sai ga ni a New York.

Yanzu kaya nake lodi a filin jirgi, ina kwana a wata unguwa da ake kira Jamaica. Kwanan baya wani abokin aikina ya nuna min taswira a wayarsa, da kibiyoyi ja da shuɗi. Ya ce faɗan mararrabar nan ne ya hana birnin faɗuwa, shi ya juya yaƙin. Na ce to. Na nemi tudunmu a jiki, babu ko ɗigo.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, lokacin da motar ta ja, na ji ƙararrawa. Uwar garke ce ta fito kan kwalta, tumaki bakwai a bayanta, bakinsu jiƙe da ruwa. Sun kai kwarin, sun sha. Na ƙirga su yadda muke yi kowace yamma, ni a ƙofa, Yaya a bayan garke. Na kai ta ƙarshe, na ci gaba da kallon bayanta har hanya ta karya kwana.