Watannin da Na Kasa Wuce Zaure

Bayan an cire masara muka baro ƙauyenmu na yankin Kakangi, ni da matata da Inna mahaifiyata, muka tare a gidan kawuna cikin Birnin Gwari. Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana ina cikin aji ina koyar da lissafi. Da na ji baburansu na kora ɗalibai cikin gonar dawa, ni kuma na kwanta a kwalbati har la'asar. Ko ƙwarzane ban samu ba. Shi ya sa da ciwon ya zo bayan wata huɗu na rasa bakin faɗa. Wasu an kashe musu 'ya'ya, wasu suna daji a ɗaure, ni me zan ce ya same ni?

A kasuwa ya fara kama ni. Ina zaɓen tumatir wani ɗan acaɓa ya tayar da babur a bayana. Ƙirjina ya hau bugawa, hannuwana suka yi sanyi, numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro. Na tabbata mutuwa ce. Aka kai ni asibiti, aka auna jini, aka saurari zuciya, aka ce lafiyata ƙalau.

Daga nan na daina zuwa kasuwa. Sai na daina zuwa masallacin Juma'a. Daga baya har makarantar da aka mayar da ni a cikin gari. Garin nan kuwa babu inda za ka bi ba ka ji babur ba. Kafin damina ta dawo, iyakata zauren kawu. In na sa ƙafa a dokin ƙofa sai gumi ya karyo mini, in koma ɗaki in zauna a bakin gado kamar baƙo. Inna ta ce iska ce ta shige ni a kwalbatin nan. Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi har idanuna suka yi ja. Matata ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ina jin yadda take rage murya idan maƙwabta suka tambaye ta jikin Malam.

Ƙanwata, autarmu, a lokacin tana Malesiya, tana karatun digiri na biyu kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Aikinta shi ne bin ƙauyukan Malayawa da tafinta, tana tambayar mutane game da damuwa da fargaba. Na ƙi ɗaukar wayarta, sai wata rana da hantsi ta kira ta wayar Inna, aka miƙo mini.

"Yaya, zan yi maka tambayoyin da nake yi wa mutanen nan. Don Allah kada ka ɓoye mini."

"Ni ba mahaukaci ba ne," na ce.

"Wa ya ce kai mahaukaci ne? Amsa kawai."

Ta fara karantowa. Ko zuciyata tana bugawa haka kawai? Ko ina jin kamar za a shaƙe ni? Ko akwai wuraren da na daina zuwa don kada abin ya kama ni a can? Ko tsoron dawowarsa ya fi shi kansa damuna? Duk na ce e. Ta ƙarshen kuwa ban taɓa faɗa wa kowa ita ba, ga shi kuma wani ya riga ya rubuta shi a takarda a wata ƙasa.

Ta ba ni labarin wani dattijo manomin shinkafa da ta zauna da shi. Ambaliya ta taɓa ritsa shi a gona, tun daga nan da hadari ya haɗo sai ya shige ɗaki yana rawar jiki. Musulmi ne, ya sha ruwan addu'a har ya gaji.

"Ka san abin da matarsa ta ce? Iska ce ta shige shi. Na yi dariya, na ce Inna ta biyo ni har nan."

"Shi ai ruwansa ya janye," na ce. "Mu namu suna nan cikin daji, jiya ma sun tare hanya."

Can ta ce, "Gaskiya ne, Yaya. Takardata ba ta da wurin rubuta wannan. Amma tsoronsu daban, ciwon daban. Ciwon yana da magani. Sai ka ga likita a Kaduna."

Kaduna. Hanyar da masu lafiya ma sai sun yi sallama da iyali kafin su hau.

Na gwada, sau ɗaya. Kawu ya samo mota har ƙofar gida, ya riƙe hannuna ya shigar da ni, matata ta zauna gefena. Muka je inda motoci ke taruwa su jira rakiyar sojoji. Muka yi kusan awa biyu a rana, wata tsohuwa tana jan carbi. Da aka ce a tashi, sojoji biyu suka wuce gaba a kan babur. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na tsinci kaina durƙushe a gefen titi ina amai, direba yana cewa, "Malam, ko ka shigo ko mu tafi, ba a raba jerin nan." Na ce su tafi. Kawu bai yi mini magana ba har gida.

Wadda ta fitar da ni maƙwabciyarmu ce, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Gbagyi, Kirista, da ake kira Mama a unguwar. Autarmu ta same ta a waya suka shirya. Mama ta haɗa ni da wani likita na Kaduna ta wayarta, ta tsaya a zaure muna magana. Aka aiko magani ta hannun wani direba. Kullum in ta taso aiki sai ta leƙo.

"Malam, taso. Yau bishiyar mangwaron can za mu."

Taku ashirin ne. Ranar farko ban kai ba. Ta koya mini jan numfashi a hankali in babur ya taho, in tsaya inda nake har ya wuce. Bayan mangwaro sai famfo, bayan famfo sai masallacin unguwa. Sai da muka yi wata uku kafin na kai makaranta, kuma ranar ban iya koyar da komai ba, na ba su aikin kwafi na zauna.

Yanzu ina koyarwa, ina zuwa Juma'a, a sahun baya kusa da ƙofa. Gonarmu ta Kakangi ban sake ganinta ba, kuma ban taɓa wuce shingen sojoji na bakin gari ba. Autarmu ta gama karatu ta dawo bara. Da ta sauka Kaduna ta ce za ta taho, Inna ta karɓi wayar ta ce ba ta yafe ba in ta hau hanyar nan. Ta samu aiki a can, ta yi aure, ta haihu. A hoto na ga yarinyar. Duk ranar Lahadi bayan la'asar takan kira, ta gaishe da Inna, sannan ta ce a ba Yaya, ta tambaye ni ko ina shan magani da inda na kai a wannan makon.