Yadda Anka Rage Mini Ƙafa

Salamu alaikum jama'a. Masu cewa na yi kuɗi ne na daina hawa waya, ku huta. Asibiti nike kwance a Birnin Kebbi.

Mu masu shiga fadama kun san mu da faso. Duk Juma'a nakan zauna da reza in fere kaushin ƙafa, yadda na ga babana na yi. Ashe suga ta kashe mini jin ƙafar ban sani ba. Reza ta shiga nama, sai da uwar yara ta ga jini bisa tabarma.

Na barbaɗa toka na koma gonar shinkafa. Har ƙafa ta fara wari.

Anka kai ni asibiti, anka auna jini, anka ɗauki hoto. Likita ya duba, yac ce wa nas, "Tirim."

Karatuna bai wuce firamare ba, amma wannan na san ta, wurin mai aski a Argungu. Na ce, "Likita, saisaye za a yi mini?"

Bai yi dariya ba.

Ɗiyata mai karatu a poli tac ce, "Baba, rage abu ne gefe-gefe, a bar asalinsa. Ba a ɗauke shi duka."

Na riƙe maganar nan kamar igiyar rijiya.

Gadon kusa da ni wani mai albasa ne daga Zauro. Shi ma da tirim anka fara mishi. Yatsa, sai tafin ƙafa, sai gwiwa. Yakan ce, "Maƙwabci, ni kaɗan-kaɗan ake kai ni gida." Muna dariya. Wata safiya na tarar babu shi, an canza zanen gadon.

Tun ranar, in an kwance bandeji ba ƙafa nike kallo ba, bakin likita.

Yatsu biyu sunka tafi. Shinkafar bana ta bi su wurin magani da wankin ciwo. Sannan rannan likita ya daɗe yana dubawa, yac ce, "Nama ya yi ja. Mun tsaya nan."

Yanzu ina takawa. Yatsun da babu su har yau suna mini ƙaiƙayi.

Alhamdu lillahi. Uwar yara, ɗiyata, ma'aikatan da sunka jure warina, Allah ya biya ku.

Ku auna suga. Mai ita ya raba ƙafarsa da reza, ya riƙa duba ta kullum, ƙaramin ciwo ya kai asibiti.

Ku sa mutumin Zauro cikin addu'a. Ban tambayi sunansa ba, na ɗauka akwai lokaci.