Shekara Mai Motar Kara

Kullum da hantsi, in ta gama kurɓar kununta, Shekara takan share gindin gawon ƙofar gidanta a Matameye, ta tsince ƙaya tsaf, ta zauna da damin karan dawa da 'yar wuƙarta. Kafin ta gyara zama, 'yan dugwi-dugwin unguwa sun kewaye ta. Motocin wasa take haɗa musu. Kara ne jikin motar, ƙayar aduwa ce ƙusa, taya kuwa fasasshiyar ƙwarya ce da ta goge a dutse har ta zama zagaye. Matan unguwa sun daina kukan fashewar ƙwarya, don sun san inda za ta ƙare.

Tun da manyan motocin gyaɗa suka fara ratsa gari take wannan aiki. Da rani maza sun tafi Kano neman abin rufin asiri, mata suna fama da ɓarar gyaɗa, yara kuma da sun ji ƙugin mota sai su yi hanya a guje. Shekara ta ce tunda mota suke so, a kawo musu ita gida. Ta shata hanyoyi a rairayi. Turmi shi ne Damagaram, rumbu Kano, kayan lodi ɓawon gyaɗa. Ita kanta ta zama ma'aikaciyar duwan, wato kwastan, ta kan iyaka, kuma ba a taɓa ganin mai tsanani irinta ba: direban da bai wanke ido ba, motarsa ba ta wucewa.

Ke ce uwar marasa goyo, Shekara. Ke ce kika mai da kara abin da ya fi ƙarfe jan hankalin yaro.

Bara ne zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Baiwa, 'yar Mariama maƙwabciyarta. Ta tashi, amma ƙafafun sun zama kamar sille. Sau ɗaya ta gwada tsayuwa ta faɗi, daga nan ta koma jan gindi. Ubanta Gambo ya tafi ci rani da baƙin cikin cewa 'yarsa ta gurgunce. Mariama kuwa, don tausayi, ba ta sauke ta daga baya.

"Sauke min ita nan, 'yar nan," in ji Shekara. "Bayanki ba zai bi ta gidan miji ba."

"Inna, kuka za ta yi."

"Ta yi. Kunnena ya saba."

Ta haɗa wa Baiwa mota mai gajeren karan tuƙi, daidai mai zaune. Da yarinya ta shaƙu da ita, sai wata safiya ta tarar karan ya ƙara tsawo, ba ya tuƙuwa sai a durƙushe. Ta yi fushi, ta wurgar, ta ga 'yan'uwanta sun kai Kano sun dawo, ta rarrafa ta ɗauko abarta. Haka karan ya yi ta tsawo kaɗan-kaɗan. In Baiwa ta yi ƙorafi, tsohuwa ta ce ita ma ba ta sani ba, wataƙila kara ne bai gama girma ba. Ranar da yarinya ta faɗi ta kurje gwiwa, Mariama ta zaburo, Shekara ta riƙe mata zane. Daga baya tsohuwar ta faɗa min ita ma zuciyarta ta karye a lokacin, sai dai ta san in aka ɗauke ta ranar, an ɗauke ta ke nan.

Gab da damina Gambo ya dawo. A cikin kayansa akwai 'yan katakai biyu masu mariƙi, irin waɗanda guragu ke dafawa da hannu, ya sa masassaƙi a Kano ya yi su daidai tafin ƙaramar yarinya. Yana kwance ƙullin a gindin gawo sai ga Baiwa ta ɓullo daga bayan rumbu a kan ƙafafunta, tana tangaɗi, tana tura mota, tana ce masa ya kauce daga hanya. Gambo ya kauce. Ya zauna a ƙasa, katakan a cinyarsa, hawaye na zuba, bai ko share ba.

"Miƙo su nan," in ji Shekara. "Dama tayoyin ƙwarya ba sa jimawa."

Bana ido ya fara yi mata gardama, ɗanta Iliyasu zai ɗauke ta zuwa garin Dawce ta huta. Mun gode, Inna Shekara, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki gama lafiya. Mu kuma da muka rage, kara bai ƙare a gonakinmu ba, wuƙa tana kowane gida. Duk mai yaro a gabansa ya zauna ƙasa ya fere masa mota, in kuma ya ga yaron zai iya miƙewa, ya daure ya ƙara wa karan tsawo.