Illo Bai Yarda da Ordinater Ba

Kun san marigayi Illo ba ya tura ɗa a wasan dara sai ya rufe fuskar tele, gilashin ordinater, da rawaninsa. Wai tana karanta idonsa.

Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, rijiya nake gina, amma a gabana aka yi komai. Nasaran da Illo ya yi wa gadi ne ya bar masa tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da kaset guda na wasan dam, darar Nasara. Daga Dakoro har Korahane ba wanda ya taɓa cin Illo a dara. Wannan akwati ta ci shi ranar farko, kuma ba ta daina ba.

Kafin wasa ya fito, kaset ɗin sai ya daɗe yana tsuwa.

"Ji," in ji Illo, "shawara take da 'yan uwanta."

Ran kasuwa ya kira Buzu da Bafillace su fassara masa. Suka saurara, suka ce ba yarensu ba ne.

"Na sani. Yaren munafukai ne."

Wata rana ya zaunar da ni gaban ordinater, ya laɓe bayan ƙofa yana raɗa mini abin da zan tura, don kada ta gane shi ne. Ta cinye mu tas. Ya leƙo.

"Sa'idu, kai ka hwaɗa mata."

Kwana bakwai bai amsa sallamata ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, abu guda yake so: ya ci ta sau ɗaya. Na sami mushen lakwal, malamin makaranta, a ɓoye, ya ce ana iya rage mata wayo. Na ce rage.

Illo ya jingina da bango, ya yi wasa, ya ci. Bai yi murna ba. Ya dube ta, ya dube ni.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ba kowa."

"Ƙarya kake, tsohon banza. Shekara nawa ba ta bar mini ko ɗa guda ba, yau take tausayina? Ashe na kusa tahiya. Ku maida ta yadda take."

Aka mayar. Ta lallasa shi kamar kullum. Ya yi dariya har da tari.

"Yauwa. Yanzu ita ce."

Bayan kwana uku muka kai shi makwancinsa. Allah Ka yafe wa Illo, Ka yafe mini ƙaryar da na yi masa. Ka sa ya huta.