Ranar da na ɗaga ido na kalli surukina

A lokacin da abin nan ya faru ni ce mai wankan gawar mata a ƙungiyarmu ta jana'iza da ke Catford, ni ce kuma tsohuwar da 'yan mata ke gyara ɗankwali in sun hango ta. Ban taɓa shiga aji ba. Wannan ma faɗa nake yi maƙwabciyata tana rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya. Mijina ne ya kawo ni London, ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya tilo, wadda ko sunanta ba na kamawa saboda ita ce ta fari. Ƙungiyar nan ita ke ɗauko gawarmu daga asibiti, ta nemi kabari, ta binne mu yadda addini ya ce, don haka amanarta ba abin wasa ba ce. Da ƙungiyar ta girma sai aka ɗauki kamfanin odita, masu zuwa duk shekara su binciki yadda aka riƙe dukiyar jama'a, aka kuma kafa ɗan ƙaramin kwamiti da zai riƙa sa wa shi kansa oditan ido. Ciyaman ɗinmu, wani Alhaji mai zaƙin baki, shi ya saka ni ciki. Ya ce wai ba karatu ake nema a wurina ba, idona ake so, don ko ƙuda ya gifta sai Hajiya ta san inda ya sauka. Na ji daɗin maganar. Ashe labule ya mai da ni, abin ratayawa don ɗaki ya yi kyau.

Yaron da kamfanin ke turo mana ɗan Kano ne, mai ladabi. A wurin zuwan nan ya ga 'yata, ya nema, aka ba shi. Alhajin nan da kansa ya yi mata waliyyi, kuma duk 'yan kwamitin sun ci shinkafar bikin har sun ƙulla a leda. Babu wanda ya buɗe baki ya ce ƙa'idar aikin ta hana odita ya zama surukin mai sa masa ido. Ni ban sani ba. Alhaji kuwa, da ya tsufa a ofisoshin ƙasar nan, ya sani sarai, amma yaro mai jin kunyarka ya fi daɗin sha'ani a kan baƙon da zai tsare ka da tambaya. Abin da ni na sani shi ne kunya. Tun ranar ɗaurin aure ban ƙara kallon fuskar yaron nan ba. In ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in amsa ina kallon bango. In muka yi kiciɓis a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen. Ranar mitin ɗin shekara kuwa, da zarar ya shigo da jakarsa sai Alhaji ya yi dariya ya ce to, surukai sun haɗu, a ba Hajiya hanya. Sai in tashi in shige kicin in haɗa musu shayi. Idon da aka ce ana so ke nan, yana kan butar shayi a ranar da aka fi bukatarsa.

Daga baya na ji ashe su ma masu binciken akwai mai bincikensu. Akwai hukuma da ke aika sufetoci ofisoshinsu, su zaɓi wasu fayil su duba ko an yi aikin tsakani da Allah. A mitin ɗin wata shekara ina bakin ƙofar kicin na ji surukina yana cewa sufetocin sun je musu, komai lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba na jera takardu da bambancin fahimta tsakanin masana. Alhaji ya ce masha Allah, a wuce gaba. Babu wanda ya tambaya ko namu yana cikin waɗanda aka duba. Ni dai na lura da abu ɗaya: da na zo kwashe kofuna, na surukina a cike yake, ya huce, shi da yake shanye nasa kafin kowa.

Ba a daɗe ba sai ga 'yata daga Abbey Wood, unguwar da take aure, da rana tsaka, ba yara, ko hijabinta ba ta cire ba. Ta ce fayil ɗinmu yana cikin waɗanda aka duba. Sufetocin sun gano zancen auren, mijin nata kuma da tsoro ya kama shi ya ce musu surukarsa ta bar kwamitin tun kafin biki. Abin da ake so da ni kawai, in wani ya kira ya tambaya in ce haka ne, sauran Alhaji zai gyara. Na ce da hannun nan nake wanke matattu, da bakin nan nake yi musu addu'a, ba zan sa shi ƙarya a kan amanarsu ba. Ta ce matattu dai, matattu dai, su masu rai fa, ko sai sun mutu Mama za ta tausaya musu? Ta ce in na ƙi, kada in sake sa ran ganinta ko jikokina a ƙofata. Tana fita Alhaji ya kira, murya kamar zuma, wai a rufa wa yaro asiri, ni da ba na karanta ko alif wa zai tuhume ni. Wannan maganar ita ta ƙona ni. Wato jahilcina ma yana da amfani, in dai su zai rufa.

A mitin na gaba, da yaron ya shigo Alhaji ya fara wasan nan nasa na a ba Hajiya hanya. Ban tashi ba. Na juya kujerata na ɗaga ido na kalli surukina, sai na ga har furfura ta fito masa ban sani ba. Na kira sunansa, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba tun bikin. Na tambaye shi ko namu yana cikin waɗanda sufetocin suka duba. Na ce ya faɗa da Hausa, ba da Turancin da ake ɓoye abu a ciki ba, mene ne ainihin abin da suka samu, me ya amsa musu, me kuma ofishinsu ya gyara. Ya sunkuyar da kai ya ce Inna don Allah. Alhaji ya yi caraf ya ce ai Hajiya ta gaji, kuma shayi bai iso ba. Na ce duk mai son shayi Allah ya ba shi ƙafa, ga kicin can. Wani daga baya ya ce tsohuwa ta fara ruɗewa, na ce in ruɗewa ce ya zo ya amsa mini tambayar. Yaron dai, in faɗi gaskiyarsa, bai ƙara ƙarya a kan ƙarya ba. Ya faɗi komai.

Aka sauya kamfani. Shi kuma ofishinsu suka karɓe ikon sa hannu a takardun bincike daga wurinsa, suka mai da shi ƙasan yaran da shi ya koya wa aiki. Alhaji ya rantse a gaban jama'a bai san da wata ƙa'ida ba, kuma har yau shi ne ciyaman, yana nan yana zuba wa mutane zuma a kunne. Mata suka shiga cewa na cinye surukina ɗanye, matan da ni na wanke uwayensu. 'Yata kuwa ta cika alkawarinta. Da ƙaramar salla na hau jirgin ƙasa har Abbey Wood da dambun nama a kwano. Na ga labule ya motsa, na ji ƙaramar jikata tana cewa Kaka ce, na ji an ce mata ta yi shiru. Na ajiye kwanon a bakin ƙofa na juyo.

Ba na nadamar tambayar. Nadamata ita ce shekarun da na yi a kicin. Da na tambaya tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa ko wannan auren ya dace da kujerar da nake kai, da na sauka salin alin, da yanzu jikokina suna tsalle a kan gadona. Don haka duk wanda aka ɗora a kan sa wa mai bincike ido, ko ya yi boko ko bai yi ba, ya ji ni da kyau. In ya ce muku an bincike su komai lafiya, kada ku ce masha Allah ku wuce. Ku tambaya ko naku yana ciki, me aka samu, me suka amsa, me suka gyara, kuma kada ku yarda da zancen jera takardu sai an warware muku shi da harshen da kuke ji. In kuwa akwai wanda kunya ba za ta bar ku ku kalli idonsa ba, ku tashi daga kujerar tun da wuri. Ku kuma yi hankali da mai yabon idonku yana nuna muku hanyar kicin.

Ranar wata Juma'a na hango surukina a Whitechapel bayan an sauko daga masallaci, riƙe da hannun jikana. Ya gan ni. Ya ja yaron suka tsallaka ɗaya gefen titi, daidai yadda yake yi a da. Wata mata da ke kusa da ni ta ce kai, Hajiya kin yi dacen suruki mai kunya. Na ce mata haka ne.