Goron Barnaba Kafinta

Duk Ƙofar Atiku babu wanda ya kai Inna Dijatu mai fura son jin ƙwaƙwaf, kuma babu wanda ya ɗaure mata kai kamar Barnaba kafinta. Ya zo Sakkwato 'yan shekaru bayan shigowar Turawa, yana yi wa bariki ƙofofi da tagogi, ya kafa rumfarsa dab da inda take ajiye ƙwaryarta. Ga tsagen Gobirawa a kumatunsa, ga Hausa a bakinsa, amma Kirista ne, ran Lahadi ko ƙusa ba ya bugawa. Da kaɗan-kaɗan ta tono labarinsa. Yana yaro aka kama shi, aka yi ta sayarwa har Lakwaja, inda 'yan mishan suka raine shi, suka koya masa aikin katako.

Abin da ya fi ba ta mamaki goro ne. Mutumin nan yana son goro kamar ransa, amma in ya saya sai ya ɗora a kan katako, ya tsura masa ido, bakinsa na motsi. Wani lokaci ya ci, wani lokaci ya miƙa wa mai wucewa.

Ran nan ta kasa haƙuri. "Kai ɗan nan, goron ga magana shika yi maka?"

"A'a, Inna, tambaya nake yi: wa ke gaba, ni ko Ubangiji? In ban koyi danne raina da goro ba, ran da babban abu ya zo ba zan iya ba."

Ta yi dariya, ta ce a ranta Lakwaja ta taɓa masa kai.

Wata hantsi aka kawo wani tsoho a kan jaki, wai shi Tambari, tsohon falke, ciwo ya cinye masa ƙafar hagu. Sandunan dogarawa yake so, irin na sawa a hammata. Barnaba na ganinsa gizago ya suɓuce daga hannunsa. Ya ɗauki igiya ya auna shi daga hammata zuwa ƙasa, ya ce a dawo jibi.

Ko jakin bai sha kwana ba Dijatu ta matso. "Mi as same ka?"

"Shi ya sayar da ni, Inna. Shi ya ɗaura mini igiya a wuya. Bai gane ni ba."

Ya jawo itace biyu. Ɗaya ƙirya ce mai ƙwari. Ɗayan kuwa yana da tsagi a ciki, wanda sai idon kafinta ke gani. Mako guda zai karye da mutum, kowa ya ce tsautsayi ne. Ya jera su a kan katako kamar yadda yake yi wa goro, ya zauna. Dijatu ta ji tsoro ya kama ta, don ita kanta da za a tambaye ta, mai tsagin za ta nuna. Masu sayen fura na sallama, ita idonta na rumfa.

Sai wajen la'asar ya tashi, ya miƙa mata mai tsagin. "Ki dafa gero da shi. Yau, Inna, kada in sake shawara."

Da jibin ta yi Tambari ya dawo. Sandunan sun zauna masa daidai, har an naɗe kansu da jar fata don kada su ci masa hammata. Ya taka ɗaya, biyu, ya juyo ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana." Barnaba ya duƙa yana share ɓawon katako har suka tafi.

"To, ka huce?" in ji Dijatu.

"Ban huce ba, Inna. Har yanzu raina na so ya faɗi."

Washegari ta sayo farin goro ta kawo masa. Ya ɗora a kan katako, ya tsura masa ido. Ba ta yi dariya ba, ta ajiye ludayinta ta zauna tana jira tare da shi.